Yadda Malam Hashimu Ya Ɗaga Goshin Motarsa

Malam Hashimu Maitama mutumin Malumfashi ne. Kafin ya taɓa jin sunan Maryland ya daɗe yana gyaran taraktoci a wata ma'aikatar gona can gida. Dogo ne, baƙi, mai ɗan ranƙwafawa irin na wanda ya saba leƙen ƙarƙashin inji, kuma magana ba ta dame shi ba. Ta hanyar matarsa na san shi, wato Hajiya Sa'adiya, wadda muka yi shekaru muna aiki tare a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington.

Ita aka ɗauka aiki a shekarar 2001, shi kuma ya ajiye sufana ya biyo ta da 'ya'yansu biyu. Suka kama haya a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na yammacin Alexandria, kusa da Washington, can sama, inda in ka leƙo ta taga motoci kamar ƙwari suke. Ita tana fita aiki, shi yake raka yara bakin titi su hau bas ɗin makaranta, ya dawo ya zauna. A wajen suna ko taron salla, in za a gabatar da shi sai a ce, "Ga mijin Sa'adiya," mutane su miƙe da sauri su gaisa da shi saboda sun san muryarta tun suna gida. Bai taɓa nuna wannan ya ɓata masa rai ba. Abin da ya gaya mini ya dame shi a shekarun nan shi ne wata rana ya dubi tafin hannunsa ya ga ya yi laushi sumul, duk kantar ta baje.

Da takardunsa suka ba shi damar aiki, sai ya shiga wani wurin sayar da tsirrai da itatuwa a bayan gari. Yana loda buhunan taki, yana gyara musu ƙaramar taraktarsu in ta ƙi tashi. A nan ya koyi lokutan ƙasar, yaushe sanyi yake sakin ƙasa, yaushe yake dawowa ya ƙone ganye. A 2005 suka koma Upper Marlboro, a jihar Maryland. Kusa da gidansu akwai wata tsohuwa baƙar fata, Madam Olive, wadda iyayenta suka yi noman taba har aka daina, filin yana nan ciyawa ta cinye shi. Ya je ya gaishe ta, ya nemi ta ba shi hayar wani yanki. Ta tambaye shi me zai shuka. Ya lissafa mata yakuwa da rama da kuɓewa da gauta da attaruhu. Kuɓewa kawai ta gane, amma ta yarda.

Kafin a yi damina biyu labarin gonar ya zagaye Lanham, garin da 'yan Afirka suke da yawa a yankin. Ranar Asabar sai ka ga motocin mata jere a bakin hanya, Hausawa da Yarbawa da mutanen Gana da na Saliyo, kowa da jakarta. Matsalar ita ce daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa a daskare take, ba abin da za ta ba ka. Shi ya sa a 2007 ya sayi wata babbar akori-kura ta hannu, fara, mai ƙofa huɗu, mai shan dizal, daga wajen wani magini. Da rani ta ɗauki taki da kwanduna. Da hunturu kuma ya ɗaura mata garmar ture ƙanƙara a gaba, ya riƙa share filin ajiye motoci na wani masallaci da wata coci da 'yan kantuna.

Garmar nan faffaɗan ƙarfe ce mai nauyin gaske. Dama irin waɗannan motoci tun daga kamfani bayansu ya fi gabansu tudu, don in an yi lodi su daidaita. To, da aka rataya mata garma sai goshinta ya ƙara yin ƙasa, ta zama kamar akuya mai shan ruwa. In zai shiga fili mai ɗan tudu a ƙofa, sai ka ji ƙarfen garmar ya karci kwalta. Fitilu ƙasa suke haskawa. In ya karya sitiyari sosai taya ta goga bodi. Ya yi hunturu biyu a haka yana lallaɓawa.

Yana da aboki bakanike, Katung, ɗan Zonkwa, mai ƙaramin gareji a wani layin masana'antu kusa da Lanham. Haɗuwarsu ta farko a kantin kayan mota ne, Malam Hashimu yana kan layi sai ya ji wani gajere mai ƙaton wuya yana yi wa wani faɗa a waya da Hausa. Ya jira ya gama, ya ce masa, "Sannu da fama." Tun daga nan suka ƙulla. Katung yana ce masa Malam, shi kuma yana ce masa Oga.

Wata Asabar a watan Oktoban 2009 na kai motata garejin a canza mini birki, sai na tarar da su biyu sun durƙusa a gefen farar motar. A kan wani kwali akwai ƙarafa biyu baƙaƙe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da rami mai kusurwa shida a gefe guda, da ɗan hannu da ya miƙe a ɗaya gefen. Na tambaya ko mene ne.

Katung ya ce, "Makullai ne. Zo ka gani." Ya ja ni na leƙa ƙarƙashi. Ya nuna mini wata doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga wajen tayar gaba ta bi shasi har tsakiyar mota, da 'yar'uwarta a ɗaya ɓangaren. "Wannan mota ba ta da sifirin mai naɗi a gaba. Sandar nan ita ce sifirin ɗinta. In taya ta faɗa rami, sandar ce take murɗewa ta dawo. Ka ga ƙarshenta a nan? Ya shiga cikin makulli, noti kuma yana tura makullin. Sabon makullin an ɗan juya raminsa, saboda haka zai fi murɗa sandar, gaban mota ya tashi."

Na ce, "Shi ke nan? Ƙarfe biyu kawai?"

Malam Hashimu ya yi murmushi ya ce, "Tsaya dai ka ga fitar da tsofaffin."

Shi da kansa ya yi aikin, Katung yana kan motata yana jefo masa magana. Ya fara ɗaukar tef ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama, ya rubuta da alli a kan siminti. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar har tayoyin suka yi lilo, ya tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, ya girgiza ta da kafaɗa ya ga ba ta motsi, sannan ya kwanta a kan katako mai 'yan tayoyi ya shige.

Katung ya kawo wani maƙatin ƙarfe mai kauri ya miƙa masa, ya ce, "Malam, kada ka taɓa notin nan sai ka ɗaura wannan. Ƙarfin da ke cikin sandar nan, in ya kuɓuce, zai iya raba mutum da haƙoransa."

Malam Hashimu ya ce daga ƙarƙashi, "Na sani, Oga. Na ga abin da sifirin garmar tarakta ya yi wa wani a Funtuwa."

Ya maƙala shi, ya riƙa ɗaurewa a hankali har maƙatin ya karɓi nauyin makullin. Sannan ya kwance notin, ya zare ɗan ƙarfen da notin yake zaune a kai, ya sassauta maƙatin kaɗan-kaɗan har sandar ta huce. Saura a tura sandar gaba makullin ya faɗo. A nan aiki ya tsaya. Gishirin da ake zubawa a titi da hunturu ya sa tsatsa ta haɗe su sun zama abu guda. Ya fesa mai, ya jira, ya buga da guduma, ko gezau. Katung ya bar motata ya zo da babbar guduma da wani guntun ƙarfe mai kauri, suka riƙa karɓa-karɓa, garejin ya cika da ƙara. Azahar ta yi. Malam Hashimu ya fito, tsatsa ta yi masa ja a gira da gemu, ya yi alwala a famfon bayan gareji, ya shimfiɗa kwali ya yi salla. Katung ya aika aka sayo mana shinkafa da kaza a wani kantin 'yan Senegal, muka ci a kan bayan motar.

Da muka gama ya koma ya ƙara fesa mai, ya kai bugu ɗaya ba da wani ƙarfi ba, sai muka ji ƙarfe ya faɗi a kan siminti. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe abinci take jira mu ci." Na ɗaya ɓangaren bai ba da wahala sosai ba. Ya goge bakin sandunan da burushin waya, ya shafa giris, ya zura sababbin makullan, ya mayar da komai yadda ya same shi. Katung ya sa ya ƙara wa shokoba ɗin gaba wasu 'yan ƙarafa don tsawonsu ya kai. Aka sauke mota, ya tuƙa ta gaba da baya ta zauna, ya sake aunawa, ya shiga ya ƙara wa hagu ɗan murɗi saboda tankin mai a can yake. Gaban ya tashi inci biyu.

Katung ya ce, "Ya isa haka. Litinin ka kai a yi mata alayimen, in ba haka ba za ta cinye maka taya."

Ya kai ɗin. Amma akwai abin da ya faru bayan nan wanda Hajiya Sa'adiya ce ta ba mu labari a ofis tana dariya. Ya ajiye motar a ƙofar gida, ya riƙa fitowa yana kallonta. Tsayuwarta ta burge shi. Ya ga notin yana da sauran zare, sai ya ce a ransa in inci biyu ya yi kyau haka, ai uku ya fi. Wata safiya ya shiga ƙarƙashi ya ƙara murɗawa. Ranar Lahadi suka tafi ziyara Alexandria, duk ramin da suka taka sai kan Hajiya ya kusa taɓa rufi.

Ta ce masa, "Abban Hafiz, me ka yi wa motar nan? Kamar amalanke muke ciki."

Ya ce, "Sabuntar ƙarfe ce, za ta saki."

Ba ta saki ba. Bayan 'yan makonni ya ga baƙin giris ya fantsama a bayan tayar dama, robar da ke rufe gaɓar shaf mai juya tayar ta yage saboda karkatar ta yi yawa. Ya kai wa Katung. Katung ya leƙa, ya ɗauko tef ya auna, ya dube shi.

"Malam, wa ya taɓa notin nan?"

"Ni ne, Oga."

"To ai sai ka shiga ka mayar. Ga sufana."

Ya shiga ya mayar, suka canza robar, aka sake alayimen. Da ƙanƙara mai yawa ta sauka kafin Kirsimeti, ya ɗaura garma, motar ta tsaya daidai, ya shiga kowane fili ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙasa ba.

Sai watan Fabrairun 2010. Duk wanda yake yankin nan a lokacin yana tunawa. Ƙanƙara ta fara ranar Juma'a, ta kwana tana zuba, kafin ta tsaya motoci sun ɓace a ƙarƙashinta. Aka rufe ofisoshin gwamnati, jirgin ƙasa ya daina zuwa tashoshin da ke sarari. Amma rediyo ba ya rufewa. Abokan aikinmu da abin ya rutsa da su a ofis suna can suna kwana a kan kujeru, suna gabatar da shiri bayan shiri, muryoyinsu sun dishe. Mu da ya kamata mu karɓe su ba mu da hanyar zuwa. Ni ko ƙofar gidana da ƙyar na buɗe.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Malam Hashimu ne. Ya ce, "Ka shirya, ka ɗauki kayan kwana. Ga mu nan zuwa." Ashe tun da gari ya waye ya fita, ya fara buɗe wa Madam Olive hanya daga ƙofarta zuwa titi, ya tabbatar tana da wuta da abinci, sannan ya ɗauki Hajiya. Daga nesa na ji ƙugin injin, sai ga farar motar ta shigo layinmu tana tura ƙanƙara gefe, maƙwabta sun fito da shebur a hannu suna kallo. Muka biya muka ɗauki wata abokiyar aikinmu, Sailuba, 'yar Damagaram, wadda ita ma a Lanham take kamar ni. Da ta hau ta zauna sai ta ce, "Kai, Malam, wannan ai kamiyo ce, ba mota ba." Babbar motar kaya take nufi da Hausar Damagaram.

Tafiyar da a kullum ba ta da wani nisa ta ɗauke mu har bayan azahar. Gari ya yi tsit, komai fari, rassan itatuwa sun karye sun tare hanya a wurare. Bai yi sauri ba ko kaɗan. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan ɗan sandan da ke ɗaga garma da sauke ta. Inda motocin hukuma suka riga suka bi sai ya ɗage ta, inda suka tara tudu a mararraba sai ya sauke ya yanka. Sau ɗaya muka tarar da wata ƙaramar mota ta kafe a gefe, wani ma'aikacin jinya ne a ciki da kayan asibiti a jikinsa. Malam Hashimu ya sauka ya ɗaura sarƙa ya jawo shi, ya ce ya biyo sawunmu. Ya bi mu har muka shiga birni, ya yi mana ham ya karya kwana.

Da muka isa, waɗanda muka zo karɓa suka fito da jakunkunansu idanu jajaye. Ya ce su shiga ya kai su gida. Hajiya ta ce ya tsaya ya sha shayi tukuna, ya ce sai ya dawo.

A shirinmu na ranar edita ya ce mu gaya wa masu sauraro halin da ake ciki a Washington, tunda wasiƙu da wayoyi sun yi yawa ana tambaya ko lafiya muke. Ina zaune kusa da Hajiya Sa'adiya a ɗakin shiri. Ta bayyana zurfin ƙanƙarar, ta ce ta kai wa babban mutum cinya. Sannan ta ajiye takardar da ke hannunta ta ce, "Mu ma da kuke jin muryarmu yanzu, ba don Malam Hashimu Maitama, manomi a nan Maryland, ya buɗe mana hanya da motarsa ba, da ba ku ji mu ba. Allah ya saka masa da alheri." Ta ci gaba da labarai.

Shi bai ji ba, yana kan hanya. Yayansa Munzali ne ya kira shi daga Malumfashi, ya ce ana zaune a ƙofar gida aka ji sunansa, har mai shayi ya ƙara murya. Ya tambaye shi wace irin garma ce ake ɗaura wa mota, kuma in an yi huɗar ƙanƙarar me ake shukawa. Malam Hashimu ya faka a gefen titi ya yi masa bayani har katin Yaya Munzali ya ƙare. Da ya dawo ɗaukar wasu, na gaya masa abin da Hajiya ta ce. Ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe safar hannunsa, ya ce, "Ai da Oga Katung ta ambata." Kwana kaɗan bayan haka wata ƙanƙarar ta sake sauka, ya sake yin jigilar mu, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Daga wannan hunturu aiki ya yi masa yawa har yana mayar da wasu. Bai ƙara mota ba, bai ɗauki ma'aikata ba, ya ce abin da mota ɗaya za ta iya ya ishe shi. Duk kaka yakan kai ta wajen Katung su ɗaga ta su duba sandunan da makullan kafin a ɗaura garma. Madam Olive ta rasu a 2015, ya je jana'izarta a coci ya zauna a layin baya, 'ya'yanta kuma suka ce ya ci gaba da noman filin. A babbar ƙanƙarar 2016 ya fita, amma bayansa ya riƙe har ya kwanta, Hajiya ta ce wannan ce ta ƙarshe, bai yi musu ba.

Bayan shekara biyu Katung ya ɗaga motar ya soka sukundireba a jikin shasi, ta shige kamar cikin burodi. Gishiri ya gama da shi. Ya ce, "Malam, injin lafiya lau, amma kada ka ƙara hawa babban titi da ita." Malam Hashimu ya tuƙa ta a hankali zuwa gona, ya cire lambarta, ya ɗora mata tankin ruwa a baya. Tana nan tana zagaya kunyoyi tana shayar da su.

Zuwana na ƙarshe gonar a kakar 2019 ne. Hajiya Sa'adiya ta yi ritaya, na same ta a inuwa da kwando tana ɓare zoɓo, yatsunta sun yi ja. Malam Hashimu ya kama hannuna ya kai ni can ƙarshen filin. Gero ya gwada shukawa, irin da Yaya Munzali ya aiko masa, kunya huɗu kacal. Ya yi tsawo ya fi ni, ya fitar da kai, amma tsuntsaye sun cinye fiye da rabi. Ya karyo zangarniya ɗaya ya murje ta a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ya nuna kafin sanyi. Abin da nake so in sani ke nan. Baɗi zan sa raga."